Kofin Madarar da Malam Bai Sha Ba

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar bayinsa na gari a cikinmu don su zame mana inuwa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, na daɗe ina son in rubuta abu guda daga cikin abin da idona ya gani a wurin malaminmu, shehinmu, masanin Allah, ma'abocin zuhudu da tsentseni, Allah ya ƙara masa yarda. Ya yi zurfi a fiƙihu da tafsiri da lugga, har manyan malamai sukan zo da matsalolinsu su zauna a gabansa kamar ɗalibai, amma in ka gan shi a kan tsohuwar dardumarsa, da tabaraunsa da aka ɗaure wa hannu ɗaya da zare, sai ka ɗauka baƙo ne ya zo jiran mai gidan. Ba ya son a ambaci karama a gabansa, da zarar an fara sai ya ce a buɗe littafi.

Ni mai kiwon shanu ne, ina da garke a bayan gari, shanun tatsa goma sha ɗaya. Karatu da girmana na fara shi, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ba mai saurin ɗauka ba ne. Shekara bakwai ina durƙusawa gaban Malam kowace safiya, littafi biyu kacal na sauke. Abin da na iya shi ne hidima. Kullum nakan zo masa da kofin madara daga tatsar safe, ya yi bisimilla ya sha, ya sa mini albarka, sannan a fara darasi.

A gidanmu, tun zamanin kakanni, madarar sayarwa ce ake tafasawa don kada ta lalace a hanya. Ta gida kuwa daga hantsa sai baki, da ɗuminta da kumfarta, domin mun tashi mun tarar ana cewa wuta tana kashe mata ƙarfi. A cikin shanuna akwai wata da na saya shekara guda kafin wannan al'amari, muna ce mata Gimbiya saboda yadda take tafiya tana yanga kamar ba ta son taka ƙasa. Ta fi kowace ƙiba da sheƙi, madararta mai kauri ce mai maiƙo, kunnenta na hagu a tsage yake tun kafin ta zo hannuna. Saboda kyan madarar nan sai na ware ta, ba mai sha sai autata, yarinya 'yar shekara takwas wadda Allah ya ba mu bayan mun fid da rai da haihuwa.

Sai Auta ta fara ciwon ciki. Da farko mun ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani, abin bai tafi ba. Yau gudawa, gobe cikin ya ɗaure, da la'asar zazzaɓi ya rufe ta, da safe mu tarar da zanen gadonta ya jiƙe da gumi. Cikin ya kumbura ya yi tauri, hannuwa kuwa suka tsotse har awarwaronta yana zamewa ya faɗi. Wani maƙwabci ya ambaci tarin fuka, muka yi masa caa, muka ce ina aka taɓa ganin tarin fuka ba tari? Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Ni kuwa abin da na sani ɗaya ne: duk lokacin da na ga ta ƙara ramewa, sai in ƙara mata madarar Gimbiya, safe da yamma, ina riƙe mata kofin da hannuna ina lallashinta ta shanye. Wata biyar muna cikin wannan hali.

Ranar da uwar Auta ta nuna mini yarinyar ta kasa miƙewa daga gado sai an tallafe ta, na ce yau zan gaya wa Malam, domin a da kunya ta hana ni kai masa kukan gidana. Tunda buƙata zan kai, sai na ga ya dace in girmama shi da abin da ya fi kyau a wurina. A ranar ne karo na farko da na cika kofinsa da madarar Gimbiya.

Malam ya karɓa kamar kullum, ya ɗaga kofin zuwa bakinsa, sai ya tsaya. Ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ajiye shi a gefen darduma a hankali, ya rufe shi da faifai. Ban riga na ce masa komai ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, wa yake shan madarar mai tsagaggen kunne?"

Malam bai taɓa taka garkena ba, kuma ban taɓa yi masa zancen wata saniya ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Auta ce. Ita kaɗai." Daga nan bakina ya buɗe, na kwashe labarin ciwon duka na gaya masa, na roƙe shi ya yi mata tofi.

Ya ce addu'a zai yi, kuma ya ɗaga hannu ya yi ta nan take, muka shafa. Sannan ya ce, "Yau ba ka da darasi. Ka ɗauke ta zuwa asibiti, ka ce su duba hanjinta. Saniyar kuma ka raba ta da sauran. Daga yau kada madara ta shiga bakin kowa a gidanka sai ta tafasa."

Kwana tara aka yi ana gwaje-gwaje, aka ɗauki hoton cikin, aka ɗebi ruwan da ya taru a ciki. Likitar, wata mace mai haƙuri da irin tambayoyina, ta zaunar da mu ta ce tarin fuka ne na hanji. Ta ce ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take zama ba, takan sauka a hanji ta yi masa gyambo ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba, kuma da mun ƙara jinkiri da hanjin ya toshe. Sai ta tambaya ko muna shan ɗanyar madara. Likitan dabbobi kuma ya zo garke ya yi wa shanun allura a fatar wuya, ya dawo bayan kwana uku ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Goma lafiya lau. Wuyan Gimbiya kaɗai ya kumbura.

Na koma wurin Malam ina kuka kamar ƙaramin yaro, na ce ni da hannuna na riƙa ɗura wa 'yata cuta. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Ƙauna ce ta sa ka ba ta, Allah ya sani. Hannun nan da ya ba ta madarar, shi zai riƙa ba ta maganin." Na gaya masa abokan sana'a suna ba ni shawara in kai saniyar kasuwa in yi shiru, tunda ba mai gane ciwo a jikinta. Ya ce, "Wanda zai saya, shi ma yana da auta." Washegari aka yanka Gimbiya a gaban likitan dabbobi, aka binne ta a rami mai zurfi.

Maganin na wata tara ne, kowace safiya kafin a ci komai, ba fashi ko na kwana ɗaya. A makon farko fitsarinta ya koma ja, uwarta ta ɗora hannu a ka ta ce jini ne, sai da na tuna mata likita ta ce haka ƙwayar take yi. A wata na uku zazzaɓi ya tafi, cikin ya saɓe, Auta ta fara cin abinci kamar mai ramuwa, ta kuma fara tawaye, wai ta warke, ita ta gaji da haɗiyar ƙwayoyi. Da Malam ya ji, sai ya ce in riƙa zuwa da ita darasi. Kowace safiya in ba ta maganin a gabansa, in ta haɗiye sai ya biya mata aya guda, in ba ta haɗiye ba babu aya. Yarinyar da ake kokawa da ita a gida sai ga ta tana tashina da wuri kada mu makara. Kafin wata tara su cika ta wuce ni a hadda, har Malam yana tsokanata wai in riƙa zama kusa da ita ko zan samu rabo.

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi yadda aka yi ya san saniyar. Ya yi murmushi ya ce, "Na ɗaga zan sha, aka hana ni." Ya ce a buɗe littafi.

Ranar da likita ta sallame mu, Auta ce da kanta ta ɗora madara a wuta, ta tsaya a kanta har ta tafasa, ta zuba a kofin nan, ta riƙo shi da hannu biyu tun daga gida. Awarwaronta ya zauna daram a hannun. Ta durƙusa ta miƙa wa Malam, ya yi bisimilla ya kurɓa, ya ce, "Jikata, kin ƙona mini harshe." Sannan ya shanye duka.

Allah ya jiƙan malaminmu, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da mafificin abin da yake saka wa malami a kan ɗalibansa. Auta yanzu tana da 'ya'ya uku, kuma tukunyar madara ba ta sauka daga wutarta sai ta tafasa. Ya Allah, ka sanya albarkar bawanka a cikin zuriyarmu da dabbobinmu, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka haɗa mu da shi a inda ba ciwo. Amin.