Gangar Mai Rowar Fata

Akwai wani manomi da dawarsa ta yi kyau, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Tana gab da nuna sai tsuntsayen janbaki suka sauka a kanta. Abincin gidansa na shekara ke nan, ba shi da wata gona.

Ya ce ganga zai yi ya kore su. Fatun akuya biyu gare shi, amma mutumin nan akwai rowa. Ya fafe kututture rabi, ya bar gindin a toshe, ya ɗaure fata a baki ɗaya.

Matarsa ta ce, "Baban Afiniki, ɗaya gefen fa?"

Ya ce, "Wa ke kaɗa bayan ganga? Waccan fatar jaka zan yi da ita."

Ya je gona ya yi ta duka, ganga sai tif, tif, kamar buhun ƙaiƙayi. Tsuntsaye ko a jikinsu. Ya ƙara ƙarfi har hannunsa ya yi kanta, yana gani zangarniya tana komawa fayau. Tsoro ya kama shi.

Ya dawo gida, bai yarda sun haɗa ido da matar ba. Ya ɓula gindin, ya ɗaure fata ta biyu. Da ya koma ya buga sau ɗaya, ganga ta amsa har cikin ƙirjinsa, tsuntsaye suka tashi duu! Ya bi gonar kunya-kunya yana kiɗa yana rawa, tsofai-tsofai da shi. A shekarar rumbunsa ya cika har baki.

Ma'anar wannan misali ita ce: likitoci sun ce can cikin kunne akwai ƙananan tagogi biyu, ruwa kuma a bayansu. Wani ɗan mitsitsin ƙashi ne ke bugun ta fari. Ta biyun zagayayya ce, an rufe ta da siririyar fata, ba abin da ke bugunta. Aikinta kawai ta matsa in an tura ruwan. In ta ƙi matsawa, ji ya ragu. Haka gangar nan take: sai fatar baya ta matsa, sannan ta gaba ta amsa.

Ƙaunatattu, kunnenku shi ne fatar gaba, zuciya ce ta baya. Kowace Lahadi Maganar Allah tana bugun kunnenmu, mu fita mu ce wa'azi bai yi ƙarfi ba. Ƙarfi kam akwai shi. Gindin ne a toshe: gabar da ka ƙi saki, gafarar da kake rowarta. Ka ɓula shi yau, tun Shaiɗan bai cinye gonar ba, ka ga yadda zai tashi da bugu ɗaya.