Ai Ni Fuskar Mama Na Ɗauko

Akwai wani tela da ciwon suga ya kashe mahaifinsu tun suna yara. Su biyu marigayin ya bari, shi da yayansa.

Yayan da marigayin kamar an tsaga kara. Telan kuwa uwarsu ya ɗauko, har hanci. Sai uwar ta yanke hukunci da kanta: wanda ya gaji fuska shi ya gaji ciwo. Ta hana babban shan zaƙi, rabon sugansa kuma a kofin ƙaramin take juyewa. Ita a ganinta gata ne.

Haka suka girma. Yayan ya zama mai gyaran famfo, kullum yana yawo a ƙafa, yana kuma zuwa gwajin suga. Telan na kan keken ɗinki daga safe har yamma, kwalaben lemo jere a ƙarƙashin tebur.

Wata rana yayan ya leƙo shago ya ce, "Zo mu je a gwada ka. Ƙishirwar nan taka da yawan fitsari ba su yi mini ba."

Telan ya kwashe da dariya a gaban masu kawo ɗinki. "Yaya, kai da ka kwaso fuskar Baba, je ka ji da gadonka. Ai ni fuskar Mama na ɗauko."

Yayan ya ɗauki jakarsa ya fita.

Bayan shekara biyar telan ya fara kasa zura zare a allura. Gogan ya zargi ƙwan fitila, ya canza. Ya zargi allurar ma. Sai da ya yanka yadin wata mata a karkace sannan ya yarda uwar da yayan suka kai shi asibiti.

Likita ta ce, "Suga ya daɗe yana cin idanunka. Na hagu ya tafi, na dama za mu yi ƙoƙari."

Uwar ta zabura. "Likita, ai shi ba ya kama da babansu!"

Likitar, da ta riga ta ji tarihin gidan, ta ce, "Mama, jini ba ruwansa da fuska. Dukansu sun gaji haɗarin, ɗaya ne kawai aka kiyaye."

Wallahi abin da ciwo. Uwar ta zauna tana kallon hannuwanta, ta kasa ko kuka.

Yayan ne ya riƙo shi suka sauko matakala a hankali. Da suka kai bakin ƙofa telan ya tsaya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, ka nemo mai sayen keken."

Darasi: Idan ciwon suga na gidanku, kamanni ba zai kare ka ba. Gado na kawo haɗari, cin yau da kullum da zaman wuri ɗaya na iya tayar da shi. Ka je gwaji, ka kuma tura wannan ga ɗan'uwan da ke ganin shi ya tsira.