Takin Mato Ya Bi Iska

A Mainika ta ƙasar Gwarzo an yi wani manomi ana ce masa Mato. Ba rago ba ne, aibinsa ɗaya: ba ya tsayawa a ƙarasa masa magana. Ko a masallaci, liman na sallamar farko shi ya fara hangen takalminsa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano taki ya yi wuya. Kwana uku Mato yana zarya Gwarzo a keke kafin ya samu buhu ɗaya na farin takin nan da ake kira kan. Gonar masararsa kuwa buhu uku take ci, kuma ita ce abincin gidansa har wata kaka.

A bakin sito ya tare Malam Haladu, malamin gona.

"Malam, wai toka ma taki ce?"

"Taki ce mana, Mato, sai dai kada ka…"

Kafin ya ƙarasa Mato ya haye keke.

Yana isa gida ya kwashe tokar murhun matarsa Uwaliya, ya bi maƙwabta da kwando har ya tara buhu biyu. Ya juye takin a kai, ya yayyafa ruwa, ya hau cuɗawa da shebur. Nan take wani zarni ya tashi, irin na makwancin awaki, mai hawa ka. Idanunsa suka kawo ruwa.

Uwaliya ta toshe hanci. "Malam, anya abin nan lafiya? Ko kaji sun bar mana tsakar gida."

"Ƙarfi ne, ke dai. Takin kirki ai sai ya sa mutum kuka."

Ya baza shi a rana kwana biyu yana ta juyawa, sannan ya kai gona. Safe da yamma yana can yana auna masara da kara. Ita kuwa sai rawaya take yi, ta tsaya iya gwiwa. Da abin ya ishe shi ya ɗauko Malam Haladu.

Malam ya ji yadda aka yi, ya girgiza kai. "A cikin takin kan akwai wani sinadari, amoniya, shi ne rabin abincin shuka. Da ya haɗu da jiƙaƙƙiyar toka sai ya zama iska ya tashi. Warin nan da ka ji, takinka ne yake maka sallama. Abin da na so in ce maka ke nan, kada ka gauraya su."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ƙeyarka zan faɗa wa?"

Masarar da Mato ya girba ko wata huɗu ba ta kai ba. Keken nan ya sayar ya auno hatsi. Yanzu a ƙasa yake zuwa Gwarzo, kuma duk wanda ya fara masa magana sai ya ji ƙarshenta.

Jama'a, in kun tambayi masani, ku tsaya ya rufe baki. Sau da yawa amfanin magana yana bayan "sai dai". Wanda ya tafi da rabinta, rabin abinci zai girba.