Matar Da Hannayenta Suka Ƙi Sauka

Akwai wani mai sayar da yadi a Agege ta Legas, sunansa Misbahu. Ba ya wasa da sallah, amma ya ɗauki kansa mai gadin ƙofar Aljanna. In wanda ba Musulmi ba ya gaishe shi, da hanci yake amsawa.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Laila, 'yar shekara shida.

Ranar Lahadin da bama-bamai suka tashi a barikin Ikeja, a farkon 2002, Laila ta bi gwaggonta Balkissa bikin suna a unguwar Mafoluku. Ƙasa ta yi ta girgiza, jama'a suka fantsama da gudu. Balkissa ta dawo ba takalmi, ba ɗankwali, ba Laila. Ta ce hannun yarinyar ya suɓuce mata a cikin turmutsutsu.

Da gari ya waye aka ji cewa mutane da yawa sun afka ruwan Oke-Afa. Ciyawa ce ta rufe saman ruwan, suka zaci ƙasa ce. Misbahu ya ɗauki bandir na farin yadi da almakashi ya nufi can.

Wurin shiru, duk da taron jama'a. An jera gawawwaki a bakin ruwa, laka ta mayar da fuskokinsu iri ɗaya. Ya bi su yana dubawa, bai ga Laila ba.

Sai ya shiga yanka yadin yana rufe mamata, amma da zaɓe. Wanda ya ga tabon sujada a goshinsa, ya rufe. Wadda ya ga lalle a ƙafarta, ya rufe. Sauran ya tsallake.

A ƙarshen layin akwai wata dattijuwa cikin doguwar farar riga, irin ta cocin nan da ake shiga ba takalmi. Tana kwance rigingine, amma hannayenta biyu a miƙe suke sama, yatsu a buɗe. Masu aikin ceto sun danna sun danna, sun ƙi sauka. Ƙudaje sun taru a idanunta.

Wani Bayarabe cikin masu nutso ya ce da shi da gurguwar Hausa, "Oga, wannan mama fa? Rufe shi mana."

Misbahu ya ce, "Ba tamu ba ce."

Ya naɗe sauran yadinsa ya wuce. Amma ko'ina ya juya a wurin, sai ya ji kamar hannayen nan na bayansa.

Bayan la'asar aka ce masa an tara yaran da suka ɓata a wata makarantar firamare. Can ya tarar da Laila zaune a kan benci, cikin rigar aro. Ya rungume ta yana kuka, ita kuwa ko hawaye. Da ya ɗaga ta sai ta yi ƙara. Ya duba haƙarƙarinta, ya ga shatin yatsu a kowane gefe, sun yi baƙi.

Ya tambaye ta wa ya yi mata haka.

Ta ce, "Wata iya ce mai farar riga. Da muka faɗa ruwa ta ɗaga ni sama. Tana ta waƙar coci, tana ce mini kar in ji tsoro. Ruwa ya rufe bakinta, waƙar ta tsaya. Baba, ban ƙara ganin kanta ba, amma ba ta sake ni ba, har wani ya jawo ni."

Ta miƙa hannayenta biyu sama, yatsu a buɗe, don ta nuna masa yadda matar ta yi.

Misbahu ya juya ga Balkissa, wadda ta rako shi makarantar. Ya damƙa mata yarinyar, ya tari babur ɗin okada ya koma Oke-Afa da yadin a hammata.

Ya tarar an kwashe gawawwakin. Ya tambayi sunan matar, ba wanda ya sani. Ya tambayi inda aka kai ta, kowa da abin da yake faɗa. Sai gurbin bayanta da ya rage a cikin laka. Misbahu ya durƙusa, ya shimfiɗa farin yadin a kan gurbin.

Darasi: Musulunci bai ce ka bincika addinin mutum kafin ka suturta shi ba. Riƙe naka da kyau, ka girmama ɗan Adam a raye da a mace, don ba ka san hannun da Allah zai ceci naka da shi ba. Tura wa 'yan'uwa, ko wani zai gyara tun da sauran lokaci.