Ɓarawon Gonar Tunau

A zamanin da giwa ke kiwo a inda kasuwanni suke ci yanzu, an yi wani maharbi ana ce masa Tunau. Tunau na Tabawa, gwanki mai barci a tsaye, kibiya ɗaya nama biyu. An ce yana gane sawun kurege a kan falalen dutse, wasu ma sun ce har inuwar shaho yakan bi ya kamo mai ita. Waɗanda suka ba da labarin sun rantse, kuma ba mutane ba ne masu rantsuwa a kan ƙarya sai in sun sami masu saurare.

Bin wata ɓauna ne ya kai shi wani tudu mai gangarawa kudu, cike da gawo da kanya da ɗorawa. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, tana ƙamshi kamar sabuwar randa. Tunau ya manta da ɓauna. Ya koma ya kwaso matarsa Tabawa da gida goma sha bakwai na danginsa, duk maharba, suka ce su ma bari su taɓa noman nan da ake faɗi.

To, maharbi bai san wata sallama da ake yi wa daji ba sai wuta. Suka cinna, suka sare itatuwa don kada tsuntsu ya sami wurin sauka. Da aka zo huɗa, Tunau ya ce a ja kunyoyi a miƙe daga kan tudu zuwa ƙasa, yadda mutum zai tsaya a sama da bakansa ya hango biri ko gadu a kowane kwari. Kowa ya yaba wannan hikima. In an yi girbi kuma sai su ƙone karan don su kama gafiya.

Shekarun farko zangarniya ta yi tsawon kamu biyu, har rumbuna suka riƙa nishi. A ta biyar aka daina jin nishin. A ta bakwai gero ya tsaya iya gwiwa, ƙuduji mai kashe hatsi ya baza jan furensa, duwatsu suka fito a gonaki kamar haƙarƙarin tsohon jaki.

Ciwake, ƙanen mahaifin Tunau, shi ne babba a dangi. Ya tara mutane ya ce in daminar nan ta wuce rumbu bai cika ba, kowa ya ɗaure kayansa ya nemi inda zai sa kansa. Tunau ya ji zafin maganar, don shi ya kawo su. Ya miƙe ya ce lalle akwai abin da ke cin gonakin nan, kuma duk mai ci yana da sawu. Zai kawo shi a ɗaure, ko ya karya bakansa a gaban kowa.

Ruwan shuka ya sauka wata safiya. Da ya ɗauke, Tunau ya fita, sai ga sawun kuwa: a cikin kowane kwari wani siririn zane kamar jan cikin maciji, duk sun nufi kudu. Ya bi. Zane-zanen suka haɗu suka zama hanya, hanyar ta zama kwazazzabon da raƙumi zai shige ba a ga tozonsa ba. Kwana uku yana tafe a ciki. An ce a bangon kwazazzabon ya ga saiwoyin itatuwan da suka sare suna lilo kamar masu neman abin kamawa, ya ga jan ruwa na tafe a hankali da kaya a ka, ya yi masa sallama bai amsa ba.

Ran na huɗu ya ɓulla a wata fadama mai shinkafa da rake da gwaza, kore shar har iyakar gani. Tun kafin ya taka, hancinsa ya gaya masa. Ƙasarsa ce kwance a nan, ta yi ƙiba.

Wata tsohuwa mai suna Yada tana cire ciyawa a bakin fadamar. Ta dubi jar lakar da ke ƙafarsa, ta ba shi ruwa ya sha.

"Daga tudun arewa kake, ɗan nan? To sannunku da aike. Shekara bakwai ba ku taɓa fashi ba. Ƙasar bana dai ta yi yashi, a gaya wa mai aikowa."

Tunau ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce, "Iya, ɓarawo nake bi."

Tsohuwa ta yi dariya har ta zauna a kan kunya. Ta ce ruwa ba ya fasa gida, abin da aka ajiye masa a ƙofa yake ɗauka. Fataken da ke shan ruwa a rijiyarta, in ji ta, daga ko'ina suke kawo irin wannan kuka. Wasu a ƙasarsu dabbobi ne suka cinye ciyawa har saiwa, iska ta kwashe sauran. Wasu ban-ruwa suka yi ta yi har gishiri ya taso ya rufe gona fari fat. Kuma bai taɓa zuwa kunnenta ba cewa an kama ɓarawon a garin maƙwabta.

Sannan ta ce, "Kai da ka iya bin sawu, ka bi shi ta inda ya fito mana."

Haka ya yi. Ya juya ya bi sawun da baya, daga kwazazzabo zuwa hanya, daga hanya zuwa siririn zane, har ya tsaya a saman gonarsa, gindin wani ƙonannen kututturen gawo. A jikin kututturen akwai sara mai ɗan giɓi a tsakiya. Gatari ɗaya ne a garin mai wannan giɓin, kuma Tunau ya san ɗakin da yake kwana.

Da la'asar ya shigo dandali yana jan gatarinsa da garmarsa a ƙasa, ɗaure da igiyar rama.

Ciwake ya ce, "Wannan ne dodon?"

"Shi ne, Baffa. Mai riƙe shi ma ga shi nan, in igiyar ta isa."

Aka fashe da dariya. Tabawa ta ce ita tun shekarar farko ta faɗa, ko da yake ba a sami wanda ya tuna ba. Ciwake ya ce tunda an cika alkawari baka ya tsira, kuma ya ƙara musu wa'adin damina uku.

Suka juya kunyoyi suka gitta gangaren, suka bar kara kwance a gona, suka dasa gamba a bakin kwazazzabo, duk kututturen da ya toho aka kewaye shi da ƙaya. Ƙasa ba ta yi saurin hucewa ba. Gida huɗu suka gaji suka tashi. A damina ta uku gero ya wuce kan Ciwake, sauran goma sha ukun suka kwance kayansu.

Garin yana nan, Ɗaurin Gatari ake ce masa. Har yau kafin a fara sassabe Sarkin Baka yakan ɗaure gatari a jikin gawo kwana bakwai, kuma duk wanda ya ja kunya ta bi gangare, yara da manya sukan tambaye shi ko birai yake jira. Mutanen fadama kuwa har gobe marowata suke kiran su.