Saniya Mai Tsaga Biyu A Kunne

Akwai wani dillalin shanu a Maiduguri mai suna Abakar. A Hausari yake zaune da matarsa Hussainatu da ɗansu Hisham, kullum da sassafe yana kan hanyar Kasuwar Shanu. Asalinsu makiyaya ne. Shi ya shigo birni tun yana saurayi, ya bar mahaifiyarsu, wadda suke kira Ammi, tare da wansa Habib da garkensu a wani ƙauye can bayan Konduga.

A shekarun da 'yan Boko Haram suka addabi ƙauyuka, wasu shanu suka fara shigowa gari da arha irin wadda hankali ba ya ɗauka. Kowa ya san dalili. An kashe masu su ne ko an kore su, dabbobin suka bi hannu zuwa hannu har suka iso birni. Dillalai da yawa in sun gan su sai su kau da kai. Abakar kuwa karɓa yake yi. In an yi masa magana, amsarsa ɗaya ce:

"Ni dillali ne, ba alƙali ba. Saniya ba ta zuwa da takarda."

Hussainatu ba mai yawan magana ba ce. Sau ɗaya ta taɓa cewa, kanta a ƙasa tana zuba masa abinci, "Abban Hisham, naman nan da kake shigo mana da shi, zuciyata ba ta kwanta da shi ba."

Ya ce, "To ki ci miyar kuka zalla, ba wanda ya hana ki."

Amma daga ranar, in ta zuba nata sai ta ture naman gefe.

Wata Laraba wata tsohuwa ta shigo kasuwar, takalminta ɗaya an ɗaure shi da leda. Ya Gumsu ake ce mata, 'yar gudun hijira ce. Ta bi turke-turke tana duba shanu ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a gaban wata farar saniya a hannun Abakar. Ta yi mata wani kira da Kanuri a hankali. Saniyar ta ɗago kai, ta ja igiya, ta zo ta sa hancinta a tafin tsohuwar.

Mutanen wurin suka juyo suna kallo.

Ta ce, "Ɗana, don Allah wa ya kawo maka wannan?"

Abakar ya ga mutane sun fara taruwa, sai ya ɗaga murya. "Iya, kowace tsohuwa ta fito daga daji sai ta ce saniyar kasuwa tata ce? Ina takardarki?"

"Ba wannan nake cewa ba, ɗana. Ka dai faɗa mini wanda..."

"Ku ji mini! Gobe kuma ta zo ta yi wa motar lodi kira, in ta yi ƙara ta ce tata ce."

Aka yi dariya, kun san kasuwa. Tsohuwar ta ja gyalenta ta rufe baki, ta juya. Kafin la'asar Abakar ya miƙa farar saniyar ga mahauta, don kada magana ta yi tsawo.

Bayan kamar wata biyu, yana wucewa ta turken wani abokin sana'arsa mai suna Abdulsalami, sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Wata jar saniya ce a ɗaure, ta rame, ƙafafunta duk ƙaya ta yayyage su. Kunnenta na hagu tsaga biyu, a cinyarta kuma tabon ƙarfe mai kama da sawun kaza.

Shaidar gidansu ke nan. Wannan kuma Hamra ce, saniyar Ammi. Da hannunsa ya riƙe kanta ranar da Habib ya tsaga kunnen, wata Sallah da ya je gida. Ammi ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita. Ba saniyar da za a sayar ba ce matuƙar mai ita tana da iko.

Ya ciro waya, ya kira Habib. Shi kansa ya san aikin banza yake yi, don an daɗe da ƙone turakun sadarwar waya a yankin ƙauyensu.

"Abdulsalami, wa ya kawo maka wannan?"

"Ah, mutumina, kai da kanka kake tambaya?"

"Don girman Allah. Ta mahaifiyata ce."

Dariyar fuskar Abdulsalami ta gushe. Ya ce, "Wallahi hannu uku ta bi kafin ta iso ni. Ban tambaya ba. Kai ka koya mana ai, saniya ba ta zuwa da takarda."

Abakar ya bar kasuwar ko hularsa da ta faɗi bai ɗauka ba. Ya samu mota zuwa Konduga, amma ba su yi nisa da gari ba suka tarar sojoji sun tare hanya. Ya sauka ya roƙi wani soja, an rubuta Wilson a ƙirjin kakinsa. Idanun sojan sun yi ja, kamar wanda bai rintsa ba.

"Oga, uwata tana can. Ka bar ni ko da ƙafa ne."

Sojan ya girgiza kai, ya amsa da Hausarsa ta bariki. "Baba, koma gida. Shekaranjiya mun rasa mutum tara a hanyan nan. Abokina yana ciki, har yanzu ba mu ɗauko shi ba. In na bar ka, gawa na ƙara."

Haka ya juyo. A gida ya zauna a bakin ƙofa ya faɗa wa matarsa abin da ya faru. Hussainatu ce ta ce, "Ka gwada sansanin 'yan gudun hijira. Duk wanda ya tsira, can ake fara kai shi."

Sansanin wata makaranta ce da aka cika da mutane, kowane aji iyalai sun fi goma. Ya tsaya a ƙofa bai san ta inda zai fara ba. Mai gadi ya nuna masa wata tsohuwa a kan tabarma. "Tambayi waccan. Duk motar da ta sauke mutane ita ke fara tarar su. Ba wanda ya shigo nan ba ta sani ba."

Ya Gumsu ce.

Abakar ya so ƙasa ta tsage. Ita kuwa kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Mai shanu. Wa kake nema?"

Da ƙyar ya faɗi sunan ƙauyensu. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta wuce gaba tana jan takalmin nan mai leda, ta kai shi wani aji a can ƙarshe. A nan ya ga Rahmat, maƙwabciyar Ammi.

Rahmat ta ce da hantsi 'yan Boko Haram suka zo, ranar kasuwa. Sojojin da ke bakin gari suka fara afka wa. Sojojin sun yi iya yinsu har harsashinsu ya ƙare. Habib a ƙofar garke aka harbe shi, ita ta gani da idonta.

"Ammi fa?"

"Ka san gwiwarta. Na ja ta, ta ce in gudu da yarana. Da na waiwaya tana zaune a gindin kurna, igiyar Hamra a hannunta. Daga nan ban sani ba, Abakar. Wallahi ban sani ba."

Ya durƙusa a wurin ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ya Gumsu ta ɗebo ruwa a kofin roba ta tsaya a kansa har ya sha.

Da ya samu numfashi ya ce, "Iya, ki yafe mini. Saniyarki an yanka ta. Zan ba ki biyu a madadinta."

Ta ce, "In ɗaure su ina, a cikin aji? Ɗana, ni ba saniya na je nema ba. Ranar da suka kwashe shanunmu, sun tafi da ɗana Mikail don ya kora musu. Na ce wanda ya kawo ta, wataƙila ya gan shi. Ko a raye, ko akasin haka. In dai sani."

Abakar ya rufe ido. Ranar da tsohuwar ta zo, mutumin da ya kawo farar saniyar yana zaune a rumfar mai shayi, tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Nuni ɗaya da yatsa ya isa. Yanzu kuwa ya yi makonni ba a gan shi ba, kuma Abakar ko sunansa na gaskiya bai taɓa tambaya ba.

Ya faɗa mata hakan, don ba shi da abin da zai ba ta sai gaskiya. Ta kalli ƙofar ajin. Sannan ta ce, "Taku ashirin." Ta sake cewa, "Allah ya sani."

Abakar ya fanshi Hamra ya ɗaure ta a tsakar gidansa, duk da ƙanƙantarsa. Hussainatu ke ba ta dusa. Har yau saniyar ba ta yarda an tatse ta ba.

Shi kuwa kullum kafin ya wuce kasuwa sai ya biya ƙofar sansanin. Ya Gumsu tana hango shi take matsawa ta bar masa gefen tabarma. In mota ta tsaya, su miƙe tare. Ita ta tambayi Mikail, shi ya tambayi Ammi. Mutane su girgiza kai su wuce ciki, su kuma su koma su zauna.

Darasi: Arhar da ta fito daga hawayen wani ba riba ba ce, kuma abin da ya ci ƙauye bai manta hanyar gidanka ba. In mai rauni ya tsaya a gabanka, ka bari ya ƙarasa maganarsa, wataƙila abin da yake nema bai fi nuni da yatsa ba. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, ku kuma sa waɗanda har yau suke jiran labarin nasu a addu'a.