Wayar Goggo Atu da Matatar Ruwa

Akwai wata matashiyar injiniya mai suna Rukayya da aka tura wani ƙaramin gidan ruwa tsakanin Tambuwal da Kebbe. Ta zo da manhajar kwamfuta da ta haɗa da kanta, wadda ke hasashen ranar da matatar yashi za ta toshe, don a wanke ta kafin ruwan gari ya gurɓace.

Manhajar kuwa ta yi ta ba ta kunya. Sai ta nuna saura kwana uku, washegari famfo ya kawo ruwa ja kamar kunun kanwa. Manaja ya ce in aka sake sau ɗaya, ta tattara kwamfutarta ta koma Sakkwato.

Akwai tsohon ma'aikaci a wurin, Baba Namadi, mai zuba alif, sinadarin da ke kwantar da lakar ruwa. Matasan ofis suna masa dariya, wai sana'arsa hira a waya. Rukayya ce kaɗai ke durƙusawa ta gaishe shi, har ta kawo masa fura.

Ranar da manaja ya ja mata kunne, Baba Namadi ya tarar da ita ta yi tagumi.

"Ɗiyata, mi ya same ki?"

Ta faɗa masa, idonta cike da ƙwalla.

Ya yi dariya. "Wanga inji naki ya san Goggo Atu?"

"Wace ce, Baba?"

"Yayata ce, tana can sama bakin gulbin da muka jawo ruwa. Kullum da safe nika kiran ta. In ta ce shanu sun ƙetare ko an yi ruwa daji, na san gobe laka na tahe."

Ashe shekara goma sha biyu ke nan tsohon yana hango laka tun kwana guda kafin ta iso, ba wanda ya taɓa tambayarsa!

Rukayya ta buɗe wa labarin Goggo gurbi a manhajar. Ran Laraba Goggo ta ce shanu sun ƙetare, manhaja ta ce a wanke matata yau. Aka wanke. Ran Alhamis gulbi ya zo jajir, amma famfo ya kawo ruwa garau.

Da manaja ya fara yabo, Rukayya ta ce ya dakata tukuna, ta je ta kira Baba Namadi. Ya shigo yana share alif a riga, ya ce, "Ni ban yi komi ba. Ita ɗai ta tambaye ni."

Darasi: Kada iliminka ya hana ka durƙusa wa wanda ya riga ka a wurin aiki, wataƙila abin da ka rasa yana bakinsa. Tura wa wani ma'aikaci da ka sani, shi ma ya amfana.